Bidiyon jirgi marar matuƙi yana fizga: in bar wa na'ura ta tuƙa ko gyaran a hannu yake?

Sabon_Hannu

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka jima a harkar ɗaukar bidiyo ta sama. Jirgin DJI Mini 4 Pro ne, rimot ɗin RC 2 mai allo. Aikin kashi biyu ne. Akwai ginin rukunin gidaje da ake so a riƙa ɗauka duk ƙarshen wata daga kusurwa ɗaya don a ga yadda yake tashi, akwai kuma hawan angwanci, dawakai a gaba, jerin motoci a baya.

Idan jirgin yana tafiya miƙe hoton lafiya lau, amma da zarar an ce a zagaya gini ko a juya kyamara sai ya riƙa fizga, ya yi sauri ya rage, wani lokacin ginin ya zame daga tsakiya sai an dawo da shi. Ko inda hannu bai yi kuskure ba, in aka kalla a kwamfuta sai a ga yana ɗan tsalle-tsalle. Ina ɗauka a 4K, firam 30 a daƙiƙa, haske a kan otomatik, babu filta. In koma Waypoint, inda ake dasa wa jirgi hanyar da zai bi, da su ActiveTrack mai bin abin da aka zaɓa, in bar jirgin ya tuƙa kansa, ko kuwa? Wanne ya fi ba da hoto sumul?

Mai_Gimbal

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a zo kan wa zai tuƙa, abin da ka bayyana cuta biyu ce, kuma ɗaya daga ciki ko wa ya riƙe rimot ba za ta tafi ba.

Wannan tsalle-tsallen da kake gani inda hannu bai yi laifi ba, daga shota yake, wato tsawon lokacin da kyamara ke karɓar haske a kowane firam. Ramin lens ɗin Mini 4 Pro a f/1.7 yake, ba ya tsukewa. Idan rana ta take kuma ka bar haske a otomatik, kyamara ba ta da hanyar rage haske sai ta ƙara saurin shota, ta kai shi 1/4000 ko ma 1/8000. Kowane firam sai ya fito tar kamar hoton tsaye, babu ɗan dishi-dishin motsi da ke haɗa shi da na bayansa, ido kuma sai ya ga hoton yana tsallakawa. Ƙa'idar ita ce shota ya ninka yawan firam: firam 25, shota 1/50; firam 50, shota 1/100. Ba za ka iya saukowa nan da rana ba sai da filtar ND, gilashi mai duhu da ke rage hasken da ke shiga lens. DJI na sayar da saitin ND16, ND64 da ND256 na wannan jirgin. Da tsakar rana a ISO 100 (ISO shi ne ƙarfin jin haske na kyamara) ND256 ne zai kai ka kusa da 1/50, ND64 da hantsi ko la'asar, ND16 dab da magariba ko ranar da hadari ya rufe. Ka sa filtar tun jirgin yana kashe, ka tabbata ta zauna daram, don in ta karkace gimbal, wato abin da ke riƙe kyamara yana daidaita ta, zai yi ta gargaɗin nauyi.

Sai ka fita daga otomatik gaba ɗaya. Koma Pro, ka kulle ISO, ka kulle shota, ka kulle daidaiton launi wajen 5500K in rana ce. In ba haka ba, kana zagaya gini kyamara ta fuskanci rana sai haske ya canza mataki-mataki, launin bango ya tashi daga fari ya koma ruwan ɗorawa, kuma wannan ma ido fizga yake ɗaukarsa.

Cuta ta biyu ita ce ta yatsa. Saitin da jirgin ya zo da shi an yi shi ne don tuƙi, ba don ɗaukar fim ba. Tura makunnin rimot zuwa C, wato Cine, sannan ka shiga saitin sarrafawa, wurin Gain da Expo. Abu mafi muhimmanci a wurin shi ne iyakar saurin juya kan jirgi. Sauke shi zuwa digiri 15 ko 20 a daƙiƙa, ka ƙara laushin juyawar don jirgin ya riƙa farawa da tsayawa a hankali. Rage ƙarfin birki, domin shi ne ke sa jirgi ya yi cirko-cirko ya ɗaga hanci da zarar ka saki sanda. Expo na juyawa ka yi ƙasa da shi ta yadda tsakiyar sanda za ta yi sanyi. A gimbal kuma saurin duba ƙasa da sama ya sauko wajen digiri 10 a daƙiƙa, laushinsa ya haura 20. Waɗannan lambobi mafari ne, za ka ƙara ko ka rage gwargwadon hannunka.

Akwai ma'aunin da masu fim suka daɗe suna aiki da shi: idan kana juya kyamara, abin da ya shigo ta gefen allo kada ya fita ta ɗaya gefen cikin ƙasa da daƙiƙa 7. Da kyamara mai faɗi irin ta jirginka, wajen digiri 10 ke nan a daƙiƙa. Wuce haka, ko da filta sai ya yi gargada.

Riƙon sanda ma da magana. Kama ta da babban yatsa da manuni tare, kada ka danna da babban yatsa kaɗai. Kuma da zarar ka fara ɗauka, kada ka gyara. In gini ya ɗan zame daga tsakiya, bar shi ya tafi a haka. Mai kallo ba ya lura da abin da ya karkace kaɗan, amma nan take yake ganin lokacin da aka fizgo shi.

Injiniya_Awo

Duk abin da Malam Mai_Gimbal ya faɗa kan shota da filta haka yake. Amma aikin ginin nan, ko tantama babu, Waypoint za a ba wa. Babu hannun da zai maimaita layi ɗaya, tsayi ɗaya da gudu ɗaya bayan kwana 30, kuma in mai aikin yana so a jera na watan farko da na shida a ga bene yana tashi a wuri ɗaya, maimaicin shi ne aikin baki ɗaya.

Sai dai mutane da yawa suna shiga Waypoint su fito da hoton da ya fi na hannu fizga, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne: yawan tashoshi. Kowace tasha umarni ce ga jirgi cewa a nan fuskarka ta kalli kaza, gimbal ya sunkuya digiri kaza. Idan ka dasa 15 a kewayen gini ɗaya, jirgin zai yi ta gyara fuska daga wannan zuwa waccan, kowane gyara kuma yana bayyana a hoto. Don rabin zagaye, tasha 4 ko 5 sun isa, a ba su tazara kusan daidai da juna.

Ga yadda ake dasawa. Kada ka zana a taswira, domin taswira ba ta san tsayin tankin ruwa ko turken wuta ba. Tashi da jirgin, ka kai shi inda kake so hoto ya fara, ka daidaita kyamara, ka danna maɓallin C1 na rimot, tasha ta zauna ke nan da tsayinta da fuskarta. Haka har ƙarshe. Sannan ka dasa abin kallo guda ɗaya a tsakiyar ginin, ka ba shi tsayi wajen rabin tsayin da ginin zai kai in an gama, ka haɗa duk tashoshin da shi, fuskar jirgi da gimbal duka su bi shi. Gudu ka sa na bai ɗaya, kada kowace tasha ta zo da nata. Kada ka sa tsayawa ko ɗaukar hoto a tashoshin tsakiya. Ƙara tasha ɗaya kafin inda kake so da ɗaya bayansa, kamar mita 15 zuwa 20, don tashin gudu da taka birki su faɗa wajen abin da za ka yi amfani da shi.

Gudun zagaye lissafi ne mai sauƙi. In kana nesa da gini mita 30 kana tafiya mita 2 a daƙiƙa, kewayen mita 188 ne, zai ci daƙiƙa 94, kan jirgi yana juya ƙasa da digiri 4 a daƙiƙa. Wannan sumul yake fita. In ka matso mita 20 ka ƙara gudu zuwa mita 5, juyawar ta haura digiri 14, bayan gini sai ya riƙa wucewa da gudu. Gara ka ja baya ka rage gudu, in ya so a ƙara sauri wajen editin.

Abubuwan da ke ɓata maimaici guda uku ne, kuma a wurin gini duka suna nan. Na farko, tsayin da jirgi ke nunawa daga inda ya tashi yake ƙirgawa. In wannan watan ka tashi daga ƙasa, wata mai zuwa ka tashi daga kan tarin yashi ko dekin, duk hanyar ta ɗaga. Zaɓi wuri ɗaya ka yi masa alama da fenti. Na biyu, rodi. Dekin siminti cike yake da ƙarfe, yana rikita kamfas, jirgi ya tashi fuskarsa a karkace da 'yan digiri, ginin ya fita daga tsakiya. Tashi daga fili, nesa da tarin rodi da motoci. Na uku, gaggawa. Jira taurarin ɗan'adam su haura 15, jirgi ya yi rajistar wurin tashi, sannan ka fara. Duk da haka ka sa ran bambancin mita ɗaya ko biyu tsakanin wata da wata, GPS na irin waɗannan jiragen iyakarsa ke nan. Bar sarari a gefen hoto don a daidaita a kwamfuta, kuma ka riƙa zuwa a sa'a ɗaya don inuwa ta faɗi gefe ɗaya.

Abu ɗaya da ya shafi lafiyar jirgin: tsakanin tasha da tasha lanƙwasa hanya yake yi, kuma yana iya saukowa ƙasa da tsayin tashoshin biyu. Wurin gini kuma kullum canzawa yake, inda babu komai a watan jiya yau an kafa katakon hawa ko an ja waya. Kowane zuwa ka fara gwada hanyar a hankali, yatsanka a kan maɓallin tsayarwa, kafin ka ɗauka. Ka kuma duba abin da ka ce ya yi in sadarwa ta yanke. A wuri mai cikas, komawa gida a tsayin da ya fi komai na wurin ya fi a ce ya ci gaba da hanya.

Ɗan_Kilisa

Injiniya, a kan gini na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma kada Sabon_Hannu ya ɗauki wannan ya kai wurin hawa. Doki bai san tasha ba. Ango zai tsaya gaisuwa inda ba a tsara ba, mahaya su yi sukuwa su dawo, jerin motoci ya tsinke. Hanyar da aka dasa tun safe za ta wuce ta bar su, ko ta iso kafin su zo.

ActiveTrack ma ba shi ne mafita ba a irin wannan taro. Yana aiki da kyau in mutum ɗaya ne ko mota ɗaya a fili. Amma mahaya goma masu rawani da alkyabba iri ɗaya, ga ƙura ta tashi, ga masu tafiya a ƙasa suna gittawa, sai akwatin da ka ja a allo ya bar wanda ka zaɓa ya koma kan wani, jirgi ya fizgi kai. Ko bai ɓace masa ba, yana yawan gyara gudu don ya riƙe tazara, wannan ƙara-rage ɗin kuma ana ganinsa. Ga na'urar kauce wa cikas: in ta hango reshe za ta taka birki ko ta karkata ba tare da ta tambaye ka ba. Siririyar wayar lantarki kuwa sau da yawa ba ta ganinta sam, unguwanninmu kuma ka san yadda wayoyi suke a sama.

Abin da ya fi shi ne a raba aiki tsakanin hannu da na'ura. Abin da ke wahalar da hannu shi ne haɗa abu uku lokaci guda: sandar dama tana tura jirgi gefe, ta hagu tana juya kai, yatsa kuma yana murza gimbal. Spotlight yana ɗauke maka biyu daga ciki. Ka ja akwati a kan abin da kake so, shi ya riƙe fuska da gimbal, kai kuma ka tuƙa da sandar dama kaɗai. Dabarar ita ce kada ka ja akwatin a kan doki. Ja shi a kan abin da ba ya motsi kuma ya fita daban, ƙofar gidan da za a sauka ko rumfar taro, ka bar ayarin ya shigo cikin hoto da kansa.

Na biyu Cruise Control. Ɗora shi a kan maɓallin C2. Ka tura sanda har jirgi ya kai gudun da ya yi daidai da tafiyar ayari, kamar mita 1.5 zuwa 2 a daƙiƙa in dawakai na takawa, ka danna, ka saki. Jirgi zai riƙe wannan gudun babu ƙari babu ragi, hankalinka ya koma kan gimbal kaɗai. Da wannan ake samun hoton da jirgi ke tafiya gefen ayari, kyamara na ɗagowa a hankali daga kofato zuwa rawani har gari ya bayyana a baya. Amma in za ka yi amfani da C2 a nan, ka tuna a cikin Waypoint maɓallan suna da nasu aikin.

Kuma don Allah kada a bi ta saman kan mutane ko a sauko kusa da dawakai. Ƙarar farfela na firgita doki, wanda ya zabura cikin taro kuma ba ƙaramin abu ba ne. Tsaya gefe, nesa da mita 30 ko fiye, a sama da tsayin turakun wuta. A Najeriya aikin kuɗi da jirgi marar matuƙi yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da amincewar ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, a gama da wannan kafin ranar taro.

Hajiya_Editin

Sannunku da ƙoƙari. Ƙanina Sabon_Hannu, ka ce firam 30 kake ɗauka. Sauran kyamarorin bikin fa, a nawa suke? In a 25 suke, kuma a 25 ake haɗa aikin, to kwamfuta tana zubar da firam ɗaya cikin kowane shida na jirginka don ya shiga. Sau biyar a daƙiƙa hoton yana tsallake mataki. A fuskar mai magana ba a lura, amma a hoton sama da komai ke tafiya da gudu ɗaya, ƙiri-ƙiri ake gani. Ko tuƙin ya fi na kowa kyau, wannan kaɗai ya isa ya ɓata shi.

Mu da wutarmu ke kan 50Hz, 25 da 50 ne namu, su ne kuma ba sa sa fitilun wurin biki yin walƙiya da dare. Ɗauki hawa a firam 50, shota 1/100, in an zo editin a mayar da shi rabin gudu a kan 25. Kowace ƙaramar girgiza ta ragu da rabi, rawani da jelar doki su riƙa kaɗawa a hankali. Abin da ka riga ka ɗauka a 30 bai lalace ba: ka umarci manhajar ta karanta shi a matsayin 25, zai ɗan rage gudu kaɗan, babu firam ɗin da zai zube.

Kafin ka ɗora wa jirgi laifi kuma, tabbatar ba kwamfutar ce ke shaƙewa ba. 4K a tsarin fayil na H.265 yana da nauyi, tsohuwar laftof ba ta iya kunna shi daidai. Bi wurin da ke tsalle firam bayan firam da maɓallin kibiya. In kowane mataki daidai yake da na bayansa, fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, sai ka yi ƙananan kwafi na aiki. Memori kuma ya zama mai alamar sauri ta V30, na asali.

Gyaran girgiza na Premiere ko DaVinci Resolve yana taimakawa a ɗan rawar iska, a sa shi kaɗan. Fizgar juya kai ba ya gyaruwa da shi, sai dai ya lanƙwasa gefen gini kamar roba. Irin wannan wurin yanke shi ake yi. Daƙiƙa 5 zuwa 8 masu tsabta ake buƙata daga kowane ɗauka, don haka ka riƙe kowane motsi daƙiƙa 15 ba tare da ka taɓa komai ba, a samu abin zaɓa a tsakiya.

Sabon_Hannu

Allah ya saka da alheri, Hajiya, lallai sauran kyamarorin a 25 suke. Saura abu ɗaya: wani lokacin ko jirgin yana tsaye cak, hoton yana wata 'yar karkarwa kamar ana kallo ta cikin ruwa, kuma layin sararin sama yana karkata gefe in ana zagaye. Wannan ma saiti ne?

Mai_Gimbal

A'a, wannan jikin jirgi ne. Karkarwa kamar ruwa girgizar inji ce ke isa kyamara. Fara da farfela: bi gefen kowace da farce, in ka ji tsaga, lanƙwasa ko ɗan guntun da ya fita, canza. A Mini biyu-biyu suke a kan kowane moto, ka canza su tare daga fakiti ɗaya da sababbin sukurorinsu, ka kuma lura da masu alama da marasa alama, kowanne da hannun da yake hawa. Sannan ka duba robobin da gimbal ke rataye a kansu, ko ɗaya ta fita ko ta tsage. Jirgi a kashe, juya kowane moto da yatsa. In ka ji ƙaras-ƙaras, yashi ya shiga. Da hunturu wannan ya fi yawa, shi ya sa ba a tashi daga kan turɓaya, a shimfiɗa tabarmar tashi ko faffaɗan kwali, a busa ƙura da famfon roba na goge lens. Shota mai sauri yana ƙara tona wannan karkarwar, don haka filtar za ta rage ta, amma kada ka bar ta ta ɓoye farfelar da ta lalace.

Karkatar layin sama kuma, ɗora jirgi a kan tebur da ka tabbatar a miƙe yake, ka yi daidaita gimbal na otomatik. In bai tafi ba ka yi na IMU, na'urar da ke auna motsi da karkatar jirgi, jirgin yana da sanyi, ba bayan ya sauko daga tashi ba. Duba kuma gimbal yana kan Follow, domin a FPV da gangan yake karkata tare da jirgi. Iska ma na kawo shi: iyakar jirginka mita 10.7 a daƙiƙa ce, amma tun daga wajen 6 ko 7 za ka ga rabin zagaye yana kokawa da iska, ɗaya rabin tana tura shi, ko da Waypoint ne. Da sassafe iska ta fi kwanciya, zafi ma bai kai digiri 40 da aka ƙayyade wa jirgin ba, wanda da bazara ana iya wuce shi da rana. In dole sai da iska, ɗauki rabin zagayen da jirgi ke fuskantarta, shi ya fi zama daram.